Metformin: Maganin Ciwon Sukari Mai Araha

Metformin, wanda aka sani da Glucophage, ya cancanci matsayinsa na maganin da likitoci ke fara rubuta wa mai ciwon sukari nau'i na 2, domin yana rage sukarin da hanta ke zubawa cikin jini, kuma shi kaɗai ba kasafai yake sa sukari ya faɗi ƙasa ba. Aibinsa a ganina yana wajen ciki, tunda a makonnin farko yakan jawo gudawa, tashin zuciya da ɗanɗanon ƙarfe a baki, shi ya sa ake haɗiyar ƙwayar tare da abinci. Bai dace da mai ciwon ƙoda mai tsanani ba, wanda ya daɗe yana sha kuwa ya kamata a auna masa bitamin B12.