Gargaɗi kan masu tallar ƙwayoyin "furotin mai danne sankarar mama"

Iyayenmu mata da 'yan'uwa, a yi hattara. Akwai masu yawo a rukunonin WhatsApp da TikTok suna tallar ƙwayoyi da garin sha, wai suna ɗauke da furotin da ke danne sankarar mama. Sukan haɗa da hoton takardar binciken Turawa mai sunaye irin su gelsolin, tropomyosin da profilin, don a ɗauka abin na ilimi ne.

Sunayen na gaskiya ne, tallar ce ƙarya. Waɗannan sinadaran furotin a cikin ƙwayar halittar jiki suke, su ke riƙe mata siffarta, su ke sarrafa motsinta. Masu bincike sun lura sukan ragu a wasu nau'o'in sankarar mama, shi ya sa ake nazarinsu a ɗakunan gwaje-gwaje. Iyakar inda maganar ta tsaya ke nan, ba a mai da ko ɗaya magani ba. Kuma duk furotin da aka haɗiya, ciki narkar da shi yake yi kamar nama ko wake, ba ya isa ga mama a yadda yake.

Wasunsu da na'ura suke zuwa: a ba mace ƙarfe ta riƙe, kwamfuta ta fitar da takarda nan take, a ce an ga "alamar kansa". Ba a gano sankara haka. Ko gwajin jini na CA 15-3, likitoci na amfani da shi ne wajen bibiyar wadda aka riga aka tabbatar tana da cutar. Tabbatarwa sai an ɗebi ɗan tsokar ƙullutun da allura an duba ta a asibiti, a auna wasu sinadaran furotin da ke nuna nau'in sankarar, wato ER, PR da HER2, wani lokaci har da cytokeratin. Sakamakon ne ke nuna maganin da ya dace da ita.

Abin da ya fi ƙona min rai, da tsoron cire mama suke cin kasuwarsu. "Ba sai an yanka ba, Hajiya." Sai baiwar Allah ta sayar da zobe da akuya, watanni su shuɗe, ƙullutun da za a iya cirewa ya fashe ya zama gyambo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar ta kashe mutum kusan 670,000 a duniya a 2022, kuma a ƙasashenmu jinkirin zuwa asibiti na cikin manyan dalilai.

Lambar NAFDAC a jikin kwalba ba shaida ba ce cewa abu na warkar da sankara. Wadda ta ji ƙullutu, ko ta ga jini na fita daga kan mama, ta je babban asibiti mafi kusa. Idan da buƙata za a tura ta asibitin koyarwa, irin na Aminu Kano, na Shika a Zariya, ko na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato.