Robar Daidaita Haƙora ta Invisalign a Ma'aunin Bincike

Invisalign, wadda kamfanin Align Technology na Amurka ya fara sayarwa a shekarar 1999, jerin robobi ne marasa launi da ake ƙera wa mutum daidai da haƙoransa, yana sa kowace ɗaya na mako guda ko biyu kafin ya koma ta gaba. Abin da ke jan hankalin mutane gare ta a fili yake: ba a cika lura da ita a baki ba, ana cire ta a ci abinci a goge baki, kuma ba ta gurje leɓe da kumatu kamar ƙarfe da wayar da ake manna wa haƙora. A nan kam ta cancanci yabo.

Inda nake da ja shi ne hoton kwamfuta da ake nuna wa majiyyaci tun farko, wanda a cikinsa haƙora ke jeruwa reras cikin daƙiƙa kaɗan. Haƙori ba ya tafiya da umarnin kwamfuta. Matsi mai sauƙi ne yake sa ƙashin da ke gaban saiwarsa ya zaizaye, sabo kuma ya tsiro a bayanta, abin da ba ya wuce kimanin milimita ɗaya a wata. Binciken da Kravitz da abokan aikinsa suka wallafa a 2009 ya gano cewa kashi 41 cikin 100 ne kawai na motsin da kwamfuta ta yi hasashe yake samuwa a zahiri, da aka sake gwajin a 2020 bayan an inganta robar sai adadin ya kai kashi 50. Wannan ba ya nufin rabin majiyyata sun yi asara. Ma'anarsa ita ce da yawa sai an sake auna bakinsu an ƙera musu ƙarin robobi, lokacin da aka ɗiba kuma ya ƙaru. Fiƙa da haƙoran da ke bayanta sun fi ba da wahala, domin kewayayyu ne, robar kan zame a kansu, shi ya sa likita yake manna musu ƴan ƙulle-ƙulle masu launin haƙori don ta sami wurin kamawa.

Batun muƙamuƙi kuwa, babba ya cire rai cewa roba za ta sauya masa ƙashi. Idan na sama da na ƙasa sun saɓa sosai, sai an haɗa da tiyata. Ko a yara masu turarrun haƙoran gaba ma, nazarin da Cochrane, ƙungiyar da ke tattara sakamakon binciken lafiya, ta wallafa a 2018 ya nuna cewa fara gyara da wuri bai fi jira zuwa shekarun balaga kyakkyawan sakamako ba, sai dai yana rage yawan karyewar haƙoran gaba.

Sai kuma abin da talla ba ta cika faɗa ba. Dole robar ta kasance a baki awa 20 zuwa 22 kullum, wanda duk ya san kansa da mantuwa, wayar da ake manna wa haƙora ta fi masa. Bayan an gama ma haƙora kan so komawa gidan jiya: Robert Little na Jami'ar Washington ya bi waɗanda aka yi wa gyara da waya, ya ga cewa shekara 20 bayan sun daina sa mariƙin haƙora, wato abin da ake sawa bayan gyara don ya riƙe su a sabon wurinsu, kusan kashi 10 cikin 100 ne kawai haƙoransu na ƙasa ke nan a jere, ban kuma ga dalilin da zai sa masu roba su tsira daga wannan ba.

A ganina, ga mai haƙoran da suka ɗan hau juna ko mai ƙaramin giɓi, Invisalign zaɓi ne mai kyau, muddin likita ya duba dasashi, ya ɗauki hoton saiwa, yana kuma ganin majiyyacin a kai a kai. Robobin da ake aikowa gida ba tare da ganin likita ido da ido ba kuwa ba na ba da shawararsu. Kamfanin SmileDirectClub da ya yi fice a wannan harka ya rufe a Disambar 2023, ya bar masu sayen robobinsa a tsakiyar magani.