Mofa mai tururi a gidan da ake kiwon kare: wacce za ka ɗauka, wacce za ka bari a shago

Karnuka biyu gare mu, duka na gadi. Babban Alseshan ne, ɗayar kuwa 'yar gida ce da muka raina tun tana kwikwiya. Ba sa shiga ɗakin kwana, ba sa zuwa kusa da inda muke salla, amma baranda da korido da ɗan falon baya nasu ne, musamman da bazara, in rana ta take su zo su baje a kan tayil suna neman sanyi. Duk wanda ya yi kiwon kare ya san abin da ke biyo baya. Da damina sawun laka, da hunturu gashi da ƙura su dunƙule a kusurwa, wurin cin abincinsu miyau ya bushe ya bar tabo. Ga kuma wani ƙarni da mofa da bokiti ba sa korarsa, sai dai su rarraba shi ko'ina, don tun daga matsa ta uku ruwan bokitin ya riga ya zama dauɗa. Wannan ƙarnin ne ya kai ni ga mofa mai tururi, kuma yanzu da na daɗe ina aiki da ita ina da abin da zan faɗa wa mai shirin saye.

Aikinta ba shi da wuyar ganewa. Akwai ɗan tanki na ruwa, yawanci mililita 300 zuwa 500, da abin dumama ruwa irin na butar lantarki. Ruwan ya tafasa a kan digiri 100, tururin ya fito ta ƙasan kan mofar ya ratsa wani ƙyalle mai laushi na maikirofaiba. Zafin ya narkar da maiƙo da busasshiyar dauɗa, ƙyallen ya kwashe. Babu omo, babu maganin goge ƙasa, kuma ƙasar kan bushe cikin minti ɗaya ko biyu. Ga mai kare wannan babban abu ne, don kare yana lasar ƙafarsa, yana lasar ƙasa, kuma magungunan wanke ƙasa masu sinadarin finol, masu mayar da ruwa fari kamar madara, suna iya ƙona masa tafin ƙafa da baki. In da kyanwa a gidan, haɗarin ya fi haka.

Amma a riƙe wannan tun kafin a je shago: mofa mai tururi ba ta zuƙar komai. Ranar farko da na kunna tawa ban yi shara ba, na ɗauka za ta kwashe duka. Gashin Alseshan ɗin ya jiƙe, ya murɗe ya zama dogayen igiyoyi baƙaƙe, mofar tana tura su gaba har suka taru a gindin bango suka manne. Sai da na tsuguna na ɓamɓare su da hannu. Tsintsiya ko na'urar zuƙe ƙura ita ce ta farko, tururi daga baya. In kuɗinka na abu ɗaya ne kuma babbar damuwarka gashi ce, na'urar zuƙe ƙura za ka fara saya.

Daga nan sai ka dubi ƙasar gidanka, don ita ce za ta ce ka saya ko kada ka saya. Tayil na siramik ko na fosilen, wanda ya cika gidajenmu yanzu, shi ne abokin tururi. Taraso ma yana ɗauka, haka siminti mai santsi da bai farfashe ba. Ledar ɗaki kuwa kada ka kusance ta da tururi, zafin yana sa ta yi laushi ta kumbura, gam ɗin da ya riƙe ta ya saki. Haka laminet, wancan mai kama da katako da ake jerawa a sababbin gidaje: cikinsa matsattsen garin katako ne, tururi na shiga ta mahaɗar allunan, bakinsu ya kumbura, kuma ba ya komawa. Katako na gaskiya ma masu shimfiɗa shi da yawa suna hana a sa masa tururi, ko da an rubuta a kwalin mofar cewa tana yi. Ni maganar mai shimfiɗa ƙasar nake bi, don shi zai biya in ta lalace, mai mofar ba ruwansa.

Sai wuta, kuma a nan ne mutanenmu suka fi yin asara. Wani ɗan'uwanmu ya dawo daga Amurka ya kawo wa maiɗakinsa tsarabar mofa mai kyau. Aka sa mata adafta aka jona a soket, ko minti ɗaya ba a yi ba sai ƙauri, shi ke nan. Wutar Amurka 120V ce, tamu ta Najeriya 230V, ta Nijar ma kusan haka. Adafta bakin fulogi kawai yake canzawa, ba ya rage ƙarfin wuta, kuma taransfomar da za ta ɗauki na'ura mai cin wuta haka babba ce, mai nauyi da tsada. Juya mofar ka karanta takardar da ke manne a jikinta. In ka ga 220–240V, ɗauka. In ka ga 120V, ajiye, komai arharta. Kayan da aka yi don kasuwar Ingila ko Turai ko Dubai su ne namu. Na Ingila ma fuloginsa mai baki uku ya dace da soket ɗinmu na Najeriya kai tsaye. A kula sosai da kayan gwanjo, don a nan ne na Amurka suka fi yawa.

Yawancinsu suna cin wat 1200 zuwa 1600, wato kamar dutsen guga. Ƙaramin janareta ɗin nan mai shan fetur haɗe da baƙin mai, wanda bai kai wat 1000 ba, ba zai ɗauka ba. Ƙaramar inbata ta sola ma za ta yi ƙara ta mutu. Da wutar Nepa kuwa kuɗin bai taka kara ya karya ba: mofa mai wat 1500 in ta yi rabin awa tana aiki, yunit 0.75 ta ci a mita mai kati. Ni dai na mayar da gugar ƙasa aikin da ake yi in an kawo wuta, tare da gugar kaya.

Iri huɗu za ka tarar a kasuwa. Na farko shi ne mai tsaye, sanda ɗaya da tanki a jikinta. Bissell PowerFresh da Shark Steam Pocket da Vileda Steam duk a nan suke. Ba su da nauyi, suna zafi cikin daƙiƙa 15 zuwa 30, cikin tanki ɗaya yana kai ka kwata ko minti 20. Bambancinsu a kai yake. Na Vileda kansa mai kusurwa uku ne, yana shiga lungu, inda gashi ya fi taruwa. Na Shark ƙyallensa fuska biyu ne, in ɗaya ta yi dauɗa ka juya ɗayar, abin da ke rage yawan tsayawa a gidan da ake shigo da laka. PowerFresh kuwa yana da ɗan buroshi a bayan kai da ake saukewa da ƙafa don kankare abin da ya bushe, kuma wannan ɗan buroshin yana da amfani ƙwarai a wurin kwanon abinci. Ga gida mai tayil da kare ɗaya ko biyu, wannan irin ya isa, kuma shi nake ba mafi yawan mutane shawarar su saya.

Na biyu shi ne wanda ake cire tsakiyarsa ya zama na hannu, kamar waɗansu na Black+Decker. Akan haɗo shi da tarin kawuna har goma ko fiye, amma kada yawansu ya ruɗe ka, biyu za ka riƙa ɗauka: siririn bakin feshi da ƙaramin buroshi. Da su ake bin layin simintin da ke tsakanin tayil, da ƙarfen kejin kare, da gindin ƙofa. Aibinsa shi ne nauyin yana sama, hannu yana saurin gajiya, tankin kuma ƙarami.

Na uku shi ne mai tukunya a ƙasa da ake ja da tayoyi, da mesa da sanda. Kärcher na Jamus da Polti na Italiya su suka yi suna a nan. Tururinsu yana fita da matsi, ba kamar na mai tsaye ba da yake fitowa a hankali. Kärcher SC 2 yana da wat 1500 da tankin lita ɗaya, amma sai ka jira shi kamar minti shida ya yi zafi, in ruwa ya ƙare kuma sai ya huce kafin ka buɗe ka ƙara. SC 3 yana zafi cikin rabin minti, ana ƙara masa ruwa ana cikin aiki, yana kuma da matata a ciki mai rage gishirin ruwa, sai dai wat 1900 yake ci, a yi lissafin janareta. Wannan irin ya fi tsada, ya fi cin wurin ajiya, amma in gidanka babba ne, ko karnukan sun kai uku, ko kana da ɗakin kare mai siminti, shi ne zai biya ka. Ranar da na ari irinsa na bi layukan tayil ɗin barandarmu, wani baƙin ruwa ya riƙa fitowa daga layin da na ɗauka launinsa ke nan tun asali. Ashe a can ƙarnin yake zaune. Saman tayil ba ya shan komai, layin simintin ne yake sha.

Na huɗu ba mai tururi ba ne, amma masu shago kan jera shi tare da su: na'urar da ke fesa ruwa tana gogewa tana zuƙe dauɗar lokaci guda, irin su Bissell CrossWave da Tineco. Ita kam tana kwashe gashi da ruwa tare. Sai dai tana son ruwan sabulunta na musamman, kuma dole a wanke tankin dauɗar da buroshin bayan kowane aiki, in ba haka ba a zafin garinmu kwana ɗaya ya isa ta yi ɗoyi.

Ko wacce ka zaɓa, tambayi ƙyalle kafin ka biya. Mofa da ƙyalle ɗaya ba ta da amfani a gidan kare, don da zarar ya cika da dauɗa shafa ta kawai kake yi da zafi. Ni shida nake da su, uku na ɓangaren karnuka, uku na cikin gida, na ɗinka wa na karnukan jan zare don kada su cakuɗe. Ana wanke su da ruwan zafi da omo, ban da ruwan laushin kaya mai ƙamshi, don yana toshe zaren ya daina shan ruwa. In mai shago ba shi da ƙyallen canji kuma ba ka ga inda za ka samu ba, bar mofar. Ka nemi mai maɓallin rage tururi da ƙarawa, da waya mai tsawon mita 6 ko fiye, don jona abu mai cin wuta haka a siririyar wayar ƙari yana sa ta ɗau zafi.

Ruwan da za ka zuba ma abin dubawa ne. Ruwan burtsatse da na rijiya a wurare da yawa yana da gishirin ƙasa, wanda ke barin farin ɓawo a gindin buta. Shi ne yake toshe bakin tururin, mofa ta mutu tana sabuwa. Tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batir ya fi, amma ka tabbata marar asid aka ba ka. Kada a zuba turare ko omo ko maganin kashe ƙwayoyin cuta a tankin.

Saura maganar fitsari, wadda ta fi kowace muhimmanci a wurina. Kada ka ɗora tururi a kan fitsarin kare. Zafin yana tayar da warin ya cika ɗaki, yana kuma dafa shi cikin layin siminti ya zauna. A tsane shi da tsumma tukuna, a wanke da ruwa da sabulu, in ana samun maganin nan mai narkar da fitsarin dabbobi a wurin likitan dabbobi a zuba a bar shi ya yi aiki, ya bushe, sannan tururi. Kada kuma a kwara bilic a kan fitsarin da ba a wanke ba, haɗuwarsu tana fitar da iska mai cutar da ƙirji. Ta fuskar tsarki ma, a mazhabar Malikiyya da muke bi jikin kare mai rai ba najasa ba ne, amma fitsarinsa da kashinsa najasa ne, kuma ruwa mai tsarki ne yake kawar da najasa. Ni ban ɗauki tururi a matsayin wanki ba. Ruwa nake kwarawa in kore shi waje, mofar ta biyo baya.

Za ka ga an rubuta a kwali cewa tana kashe kashi 99.9 cikin ɗari na ƙwayoyin cuta. Wannan sai an tsayar da kan mofar a wuri ɗaya na wasu daƙiƙoƙi kamar yadda littafinta ya ce, wucewa da gudu ba ta yi. Tururi yana kashe ƙuma da ƙwanta in ya same su, yana taimakawa da kaska da ke ɓuya a tsagar bango, amma na jikin karen sai magani daga likita. In kuwa cutar fabo ce ta shiga gida, mai sa kwikwiyo amai da gudawar jini, kada ka dogara da mofa ko kaɗan. Ƙwayar cutar tana yin watanni a ƙasa da ranta. Bilic ake surkawa, kashi ɗaya cikin kashi 30 na ruwa, a kan wurin da aka riga aka wanke, a bar shi minti 10, a ɗauraye, kuma a yi wa sauran karnukan rigakafi.

Da safe nake yin nawa, bayan na ba su abinci na ɗaure su a baya, don 'yar gidan tana son bin kan mofar da hanci, tururi kuwa yana ƙuna fiye da yadda ake zato. In yi shara, in kwara ruwa inda ya kamata, in sa ƙyalle mai jan zare, in fara daga ƙuryar falon baya ina ja da baya har bakin baranda. Sai tayil ya huce na taɓa da tafin hannu sannan in kwance su.