Durowar roba ko wadrob ɗin yadi?

'Yar uwa, in dai don kayan yara ne, ki ɗauki durowar roba mai hawa-hawa ki huta.

Tawa mai hawa 5 ce. A Ƙofar Wambai na saye ta ina goyon na biyu, ga shi yanzu yaron yana firamare, ita kuma tana nan daram. Kafin zuwanta kayansu a cikin Ghana-must-go suke a bayan ƙofa. Kullum da safe sai an zazzage jakar a tsakar ɗaki ana neman safa ƙafa ɗaya, babansu na waje yana ta danna hon. Da ta zo sai na ba kowane yaro hawansa, na sama na zuba katin asibiti da magunguna inda hannunsu bai kai ba, na ƙasa kuma kayan Islamiyya. Ranar da autata ta jawo nata ta ɗauko riga da kanta, wai kar a taɓa mata ɗakinta, na san kuɗina bai tafi a banza ba. Da hunturu tsumma mai danshi ya ishe ki goge ƙura. Da damina ba ta kumbura kamar katako, gara ma ba ruwanta da ita. Sai dai kar ki ajiye ta inda rana ke dukanta ta taga, robar za ta bushe ta tsage. Kuma ki jingina ta da bango, masu nauyi a ƙasa, don yara tsani suke mayar da ita.

Wadrob ɗin yadi kuwa, na taɓa saya. Zif ya mutu, ƙarafunan suka lanƙwashe, wata rana cikin dare ya zube da kayan gaba ɗaya. Yana rataye dogayen riguna, iyakarsa ke nan.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da masu tallar hoto a waya. Za ki ga durowa kamar ta kai ƙirji, a kawo miki wadda ko ƙugu ba ta kai ba. Ki nemi awon tsawonta, kuma kar ki tura kuɗi duka sai kaya sun iso. A kasuwa ma akwai ta tsohuwar roba da aka sake narkawa: launinta a dushe, ga wari, ki danna gindinta da yatsa ki ji tana lotsawa. Wasu su nuna miki mai kyau, su ɗaure miki wata a kwali. A buɗe a gabanki, ki jawo kowane hawa, ki ƙirga tayoyin.

Kafin ki fita ma, ki tsince kayan da suka yi musu kaɗan ki bayar. Ni guda biyu na yi niyyar saya, da na fitar da buhu guda na kai wa 'yan uwa sai ɗaya ta ɗauke sauran.