Manhajar lissafin tafiyar jirgi: nisan daidai ne, lokacin ne matsala

Watan da ya wuce tafiya ta kama ni tsakanin wasu ƙananan filayen jirgi guda biyu, ba irin manyan nan na ƙasa da ƙasa ba, toh kafin in yanki tikiti sai na sauke wata manhaja da ake rubuta mata filin tashi da na sauka ta ba ka nisa da kuma lokacin da za ka ɗauka a sama.

Gaskiya ta ɓangaren nisa ban da abin cewa. Haruffa ukun nan da ake rubutawa a jikin tikiti a madadin sunan kowane filin jirgi, waɗanda ake kira lambar IATA, kawai na saka, nan take ta fito min da wajen kilomita 400, ta kuma nuna shi da mil na teku wanda matuƙa ke aiki da shi, a nan ma na san mil ɗaya na teku kilomita 1.852 ne. Taswirar ma tsaf, ba ta cin data.

Inda muka raba gari shi ne lokaci. Ta ce min minti 30, ni kuma na ɗauka haka ne, har na ce wa yayana ya kasance a filin da zarar an yi rabin awa da tashinmu. Ashe ita lissafinta na babban jirgi ne irin Boeing 737 da ke gudun kilomita 800 da wani abu a awa, raba 400 ɗin ta yi kawai shikenan. Mu kuwa jirgi mai farfela aka ba mu, ATR 72, mai ɗaukar mutum wajen 70, shi gudunsa bai wuce kilomita 500 da ɗan kai ba, kuma irin waɗannan jiragen su aka fi sakawa a gajerun hanyoyi saboda ba sa shan mai sosai kuma titi gajere ya ishe su, kun ga kenan tun daga tushe lissafin ya kauce.

Bayan haka jirgi ai ba ya tashi da cikakken gudunsa, sai ya gangara zuwa titi ya jira izini daga hasumiya, ya hau sama a hankali, kafin ma ya gama daidaita an fara shirin sauka, sannan ba miƙaƙƙen layin da manhaja ta zana yake bi ba, akwai hanyar da masu kula da zirga-zirga suka tsara, in iska tana bugowa ta gaba kuma ƙarin minti ne. Daga rufe ƙofa zuwa buɗe ta awa ɗaya da minti goma muka yi, kusan daidai da abin da ke rubuce a tikiti wanda ni na ƙi kulawa don na yarda da waya. Yaya yana tsaye a waje yana ta kira layina a kashe, hankalinsa duk ya tashi, wallahi abin bai min daɗi ba ko kaɗan.

Tauraro uku na ba masu manhajar cikin biyar. Na kuma rubuta musu su saka wurin zaɓar irin jirgin, mai farfela ne ko jet, su ƙara mintunan da ake ɓatawa a ƙasa, ko aƙalla su rubuta ƙarara cewa wannan lokacin kiyasi ne kada wani ya tsara wanda zai ɗauke shi a kai. Har yanzu dai ina jiran amsarsu.