Jama'a a yi hattara da masu tallan tocilan caji a intanet

Salam jama'a. Wallahi abin nan ya tsaya min a rai shi ya sa na ce bari in rubuta kar wani ya faɗa ramin da na faɗa. Akwai wani mai tallan tocilan caji a Facebook, kun san irin bidiyon nan da ake ɗauka cikin dare a kunna tocila ka ga ta haske gona guda kamar rana ta fito, an rubuta lumen 100,000 (lumen shi ne ma'aunin ƙarfin haske), batir 9900mAh (mAh kuma ma'aunin yawan cajin da batir ke iya riƙewa), wai tana kwana uku ba caji. Ni kuma Baba nake so in saya wa, yana ƙauye, ga damina ga macizai kuma kullum da duhu yake fita sallar asuba, wuta kuwa sai a yi sati ba a kawo ba. Na yi wa mutumin magana ta WhatsApp ya ce sai na tura kuɗi sannan ya sa a mota, na tura dubu 18 har da kuɗin mota.

Kaya sun iso kam, kwali mai kyau. Na yi mata caji ta cika, na kunna, minti goman farko da haske ba laifi, kafin minti 40 ta koma kamar aci-balbal. Na ce ko cajin ne bai zauna ba na sake, haka dai. Na kira shi ya ce wai in bar ta a rana sola ɗin jikinta zai ƙara mata ƙarfi, solar da ba ta kai faɗin ashana ba. Washegari ya yi bulokin ɗina.

Sai na kai wa wani mai gyaran waya a unguwarmu, ya zaro batirin, tun kafin ya gwada ya jinjina shi a hannu ya ce Malam wannan ai fanko ne. Irin batirin nan dogo ana ce masa 18650, kauri milimita 18 tsawo 65, shi ne ake samu a cikin batirin tsofaffin laptop. Na gaskiya daga manyan kamfanoni irin su Samsung da Panasonic da LG iyakarsa wajen 3500mAh ne, to duk wanda ka ga an rubuta masa 6000 ko 9900 ƙarya ce tsagwaronta, ba a ma yin sa. Kuma na gaske nauyinsa wajen giram 45 ne, nawa da muka ɗora a ƙaramin sikeli ko 30 bai kai ba. Wasu ma ƙaramin batir ake cusawa a ciki a cike sauran da yashi don ya yi nauyi, shi ya sa nauyin kaɗai ba hujja ba ne, sai an haɗa da gwaji. Maganar lumen ma haka, ƙwan fitilar mota na da ɗin nan wajen 1,000 zuwa 1,500 yake bayarwa, ta yaya tocilar da za ka sa a aljihu mai ƙwai ɗaya da batir ɗaya za ta ba da 100,000? Da gaske ne da hannunka ma ba zai iya riƙe ta ba don zafi.

Abin da ya fi tayar min da hankali ba kuɗin ba ne. Irin wannan batirin na bogi yawanci ba shi da abin da ke yanke caji in ya cika, yana iya ɗaukar zafi ya kumbura har ya kama da wuta, ni kuma ɗakin tsoho na so in kai ta, mutumin da zai jona caji a gefen katifa ya kwanta. Duk sanda na tuna sai gabana ya faɗi.

Don Allah in za ku saya ku je shago da ƙafarku, a buɗe muku ku ga batirin, a kunna a bar ta a kunne kuna tsaye, ku yi da mai shago cewa in ta ba da matsala za ku dawo da ita. Kar ku tura wa wanda ba ku sani ba kuɗi saboda bidiyo. Shi wancan ya canza sunan shafinsa, jiya na sake ganin bidiyon nan dai na gona, har mutane na ta tambayar nawa ne a ƙasa.