Ɗanyen Fure Ko Na Roba: Wanne Ya Dace Da Bikin Afrilu A Zariya?

Wata 'yar'uwa ta kawo tambaya. Bikin ƙanwarta ya kama cikin Afrilu. Za a yi kamu ranar Alhamis da la'asar a tsakar gidansu a Tudun Wada, dina kuma ranar Asabar da dare a wani ɗakin taro a GRA, ana sa ran mutum 300. Masu kwalliyar wuri biyu sun ba ta farashi. Ta farko a nan Zariya take, furanninta na roba ne da na yadi, haya take bayarwa. Ta biyu daga Abuja za ta zo da ɗanyen fure, kuɗinta ya ninka na ta farko sau uku. Amarya ta kafe sai ɗanye, mahaifiyarsu kuwa ta ce almubazzaranci ne. Wacce za a ɗauka?

Hajiya, shawararmu ita ce ki ba mai kwalliyar Zariya babban aikin, wato bangon bayan kujerar ango da amarya, ƙofar shiga da teburan baƙi. Ɗanyen fure kuma ki saye shi kaɗan, ki ajiye shi inda hannu zai taɓa, hanci zai shaƙa, mai hoto kuma zai matso kusa. Ga dalili.

Fara da hanyar da kowanne zai biyo. Na roba yana cikin buhu a sitonta, ko a Sabon Gari ko a Samaru, a-kori-kura ɗaya ta ishe shi, ko ya kwana a rana babu abin da zai same shi. Ɗanyen ros mai babban kai da ake gani a hotunan biki kuwa, yawancinsa daga Kenya yake zuwa, musamman gonakin da ke kewayen tafkin Naivasha, wani kuma daga Habasha. Jirgin sama ke sauke shi a Legas ko Abuja, shi ya sa farashinsa ke bin dala. Akwai na Jos, inda tsayin ƙasa ya haura mita 1,200 kuma sanyin wurin ya karɓi fure, sai dai galibi kansa bai kai na Kenya girma ba. Ko ta ina ya biyo, kafin ya iso Zariya ya riga ya yi kwanaki da yankewa. Daga Abuja akwai tafiyar sama da kilomita 250, ko an hau jirgin ƙasa ma a Rigasa zai sauke mutum, saura kusan kilomita 80 a mota. Don haka tambayar farko da za ki yi wa ta Abuja ita ce a ina furen zai zauna cikin motar. Idan ta ce a but, an gama magana. But ɗin mota a tsakar ranar Afrilu yana dafa ros kafin a wuce Kaduna. Cikin mota ya kamata ya zauna, a kwali ko a bokiti, iyakwandishan a kunne, kuma a taso da sassafe.

Inda aka fi yin asara shi ne cikin ɗakin taron kansa, don haka bari mu tsaya nan sosai. Ros yana son sanyin digiri 2 zuwa 4 kafin a fito da shi. A Afrilu zafin Zariya da rana kan haura digiri 35, iska kuma a bushe take tunda damina ba ta kankama ba. Masu ɗakunan taro da yawa ba sa tada janareta su kunna iyakwandishan sai taro ya kusa, saboda tsadar dizal. Mai kwalliya kuma tana son ta gama aikinta da wuri. To ki lissafa: an jera ɗanyen fure ƙarfe 2 na rana a rufaffen ɗaki, kati ya ce dina ƙarfe 7, mu duka mun san amarya ba za ta shigo ba sai wajen 9. Awa bakwai kenan, biyar daga ciki babu sanyi. Abin da ke faruwa shi ne furen yana fitar da ruwa ta ganye da fuska fiye da yadda kara ke iya zuƙowa. Wurin da ya fi laushi a jikin ros shi ne wuyansa, daidai ƙarƙashin kan, nan yake fara lanƙwashewa. Sai ki ga kan ya sunkuya, gefen farin fure ya fara yin ruwan ƙasa. Idan ya kai haka a kan bango, ba shi da gyara a daren.

Na roba ba ruwansa da wannan duka. Za a iya kafa shi tun daren Juma'a idan ɗakin babu kowa. Nasa ciwon daban ne: ƙura da tsufa. Farin furen yadi da ya sha hunturu biyu ko uku yana zagaya bukukuwa yakan koma ruwan madara mai duhu, ja da shuɗi kuma rana kan cinye musu launi. Kada ki yarda da hoton Instagram ko na WhatsApp, wani hoton ma ba aikinta ba ne. Gani ya kori ji. Ki je sitonta, ki ce a zazzage buhun da za a yi miki aiki da shi. Ki ɗauki farin fure ɗaya ki ɗora a kan farar takarda a hasken rana, nan take za ki ga ko ya dafe. Ki duba bakin kowane fallen furen ko zare ya fara fita, ki leƙa tsakiyarsa ko ƙura ta taru, ki ja kan a hankali ko zai tsinke daga kara. Sannan ki ɗauke shi hoto da filashin wayarki. Mai araha, na zallar roba, yana mayar da haske ya yi ta ƙyalli, a hoton biki kowa zai gane shi. Na yadi mai kyau da mai taushin nan da ke kama da ɗanye a hannu ba sa ƙyalli, kuma daga nisan mita 3 da wuya baƙo ya bambance su da na gaske, balle da dare ƙarƙashin fitilu masu launi.

Ranar kamu ba sai an ja magana ba, na roba ne. Tsakar gida da la'asar, rana ta gasa siminti tun safe, yara na kai-komo, ɗanyen fure ba zai kai magariba da kyan gani ba. Ga kuma turare. Turaren fesawa akwai sinadarin da ke ƙona fallen ɗanyen fure, duk inda ya ɗiga sai ya bar tabo, kamu kuwa ranar fesa turare ce. Sai dai na roba ma yana da abokin gaba a wannan rana: kaskon turaren wuta. Roba na narkewa, yadi da labule na kama wuta da sauri. Ki sa mutum ɗaya ta kula kada kasko ya matso ƙasa da mita ɗaya da kwalliyar, kyandir ma haka. Idan a waje za a kafa bangon, a ɗaure ƙafafunsa da buhun yashi ko bulo, domin ƙarshen Afrilu iskar hadarin farko kan taso ba sallama.

Yanzu lissafi, don ki ga inda kuɗin ta Abuja ya tafi. Mutum 300, goma-goma a tebur, tebur 30 kenan. Ko kara 10 kacal aka sa wa kowane tebur, an tashi 300. Saman bango mai faɗin mita 3, idan ana son ya cika, zai ci kusan 150. Na hannun amarya 24, teburin ango da amarya 40. A ƙara kashi 15 cikin 100 saboda waɗanda za su karye ko su iso a mace, an doshi kara 600, wato ɗauri 30 idan ɗauri ɗaya kara 20 ne. Ga kuɗin mota, ga masaukin ma'aikatanta. Ba cuta ba ce don ta faɗi wannan farashin, kayan ne haka. Abin tambaya shi ne ko ya dace a zuba wannan kuɗi a kan abin da zafi zai iya kashewa kafin amarya ta shigo. Idan aka bi tsarin gauraye, ga abin da ake buƙata na ɗanye: na hannun amarya 24, teburinsu 40, teburan iyaye biyu 12 kowanne, gefen kek 12. Kara 100 kenan, da na ko-ta-kwana 120, ɗauri 6. Bokiti uku sun ɗauke shi, kujerar bayan mota ɗaya ta isa, ɗaki ɗaya mai sanyi a gida zai riƙe shi.

Kuma ba kowane ɗanyen fure ne ke jure Zariya ba. Kaneshan da kirisantimum su ne jarumai, sukan yi mako guda ko fiye a ruwa. Okid irin na dendirobiyum ma yana da haƙuri da zafi. Ros na tsakiya ne, yana yi idan an kula da shi. Haidiranjiya, mai babban kan nan da amare ke mutuwar so, ki cire ta daga lissafi, awa ɗaya ko biyu babu ruwa ta kwanta. Lili tana da ƙamshi da kyau, amma sai an saye ta kwana uku ko huɗu kafin biki don ta buɗe, kuma dole a tsinke ƙwayoyin garin da ke tsakiyarta. Garin nan launin ruwan lemo gare shi, idan ya taɓa farar rigar amarya ko shaddar ango yana kamawa. In ya zuba kada a goge da hannu ko a sa ruwa, a ɗauke shi da salatif.

Idan furen ya iso, ranar Alhamis da dare ko Juma'a da safe ya fi, ga yadda za a yi da shi. A wanke bokiti da sabulu tas, domin ƙwayoyin cuta na ruwa mai datti su ke toshe kara. A cire duk ganyen da zai nutse cikin ruwa. A yanke santimita 2 zuwa 3 daga gindin kowane kara, a karkace, da wuƙa mai kaifi, a tsoma nan take. Idan mai furen ba ta haɗo da hodar abincin fure ba, a kowace litar ruwa a sa babban cokali 1 na sukari, 2 na ruwan lemon tsami, da rabin ƙaramin cokali na bilic irin su Hypo ko Jik. A bar shi ya sha aƙalla awa huɗu a ɗaki mai sanyi da duhu, nesa da iskar fanka. Kada a sa shi a firiza, kada kuma a haɗa shi firji ɗaya da mangwaro, ayaba ko tumatir. Nunannun 'ya'yan itace na fitar da wata iska mai tsofar da fure, kaneshan ya fi kowa jin ta, kuma Afrilu lokacin mangwaro ne, kowane firji akwai shi. Koren soson nan da ake soka fure a ciki, a ɗora shi a kan ruwa a bar shi ya nutse da kansa. Idan aka danna shi da hannu, waje zai jiƙe tsakiya ta zauna a bushe, furen da aka soka ciki ya mutu da ƙishi alhali ana ganin soson a jiƙe. Ranar dina a kai ɗanyen fure ɗakin taro bayan an kunna iyakwandishan, awa ɗaya ko biyu kafin amarya. Na hannunta ya zauna a ruwa har sai za ta shiga mota, sannan a tsane gindinsa da tawul don kada ya jiƙa mata riga.

Saura yarjejeniya, kuma abin da za ki rubuta da kowacce ya bambanta. Da mai ɗanyen fure, a rubuta sunan furen, launi, adadin kara, da ranar da zai iso Zariya. A rubuta kuma abin da za ta maye gurbi da shi idan wanda aka zaɓa bai zo a jirgi ba, don kada a wayi gari an kawo ja a madadin fari. Za ta nemi kafin alƙalami mai kauri, hakan daidai ne tunda da dala za ta yi oda, amma ki tambaye ta ko farashin ya tsaya ko zai motsa in dala ta motsa. Ki kai mata ƙyallen ankon ko na rigar amarya, launi a waya yana yaudara.

Da mai na roba, babbar tambaya ita ce biki nawa ta karɓa a wannan Asabar ɗin. Bayan Sallah da kuma Disamba bukukuwa kan yi karo, mai kaya ɗaya ta karɓi wuri uku, sai ta raba furen uku, bangon da kika gani a cike ya zo miki da ƙarfe a waje. Ki sa ta haɗa miki tebur ɗaya na gwaji, ki ɗauki hotonsa, hoton ya zama shi ne ma'auni. A rubuta yawan tebura, faɗi da tsayin bango a mita, lokacin da za ta shiga ɗakin da lokacin da za ta gama. Ki haɗa ta da manajan ɗakin taron tun yanzu, domin wasu ɗakunan sukan ba da yini ga wani taron, wasu kuma ba sa yarda a buga ƙusa ko a manna gam a bango.

Akwai abu ɗaya da ke jawo rigima bayan biki. Mata sukan tafi da furen tebur in an tashi, a ganinsu tsaraba ce. Idan ɗanye ne babu laifi, dama naku ne, gobe ma zai mutu. Na haya kuwa duk wanda ya ɓata ke za ki biya. Don haka a ƙirga kayan tare da yaranta kafin taro, a sake ƙirgawa bayan an tashi, a kuma rubuta kuɗin kowane guda tun farko. Ki sa mai gabatar da taro ya faɗa a lasifika cewa furen tebur na haya ne, sau ɗaya a farko, sau ɗaya kafin a sallami jama'a. Cikon kuɗinta kuma ki riƙe kashi 20 zuwa 30 cikin 100, a biya bayan ɗaya daga cikinku ta shiga ɗakin da la'asar ta gwada abin da aka kafa da hoton gwajin nan.